Hujin da Na Toshe a Jirgin Kawu

Ko da zan manta duk abin da na karanta a kwaleji, da duk ajin da na taɓa shiga da alli a hannu, akwai wata Laraba guda da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ita ce ranar da na jefa idanun kawuna, ƙanin mahaifiyata, cikin haɗari a gaban ɗalibaina da iyayensu, saboda wani ɗan jirgin ruwa da tsawonsa bai wuce kamu uku ba. Shekaru sun ja, har furfura ta fara leƙo mini, amma in na tuna ranar sai in ji kamar jiya aka yi.

A lokacin ina sabuwar malama a wata sakandaren 'yan mata da ke ƙasar Faskari. Tarihi nake koyarwa, ina kuma taimakawa da adabin Turanci saboda ƙarancin malamai. Tun kafin hanyoyinmu su zama abin tsoro ke nan, lokacin da mace za ta hau mota da hantsi ta je Ƙanƙara ta dawo ba wanda ya bi ta da wata addu'a ta musamman. Ban daɗe da gama karatu ba, kuma gaskiya ina jin kaina. Dangin uwata maƙera ne kaka da kakanni, suna zaune a Ketare. Ina son su ƙwarai, amma in ana hira a ofishin malamai aka zo kan maganar asali, sai in yi sauri in ce babana manomi ne, in ja bakina in yi shiru.

A zangon nan manhaja ta kawo mu kan shigowar Turawa ƙasar nan. Na yi wa 'yan aji biyar bayani cewa Bature ya daɗe yana shawagi a bakin teku bai iya kutsowa ciki sosai ba, domin jirgin da iska ke turawa ba ya jin daɗin haurowa kogi yana kokawa da ruwa. Sai da suka samu jirgi mai tafiya da tururi, wanda ake hura wa wuta a cikinsa, sannan suka riƙa hawa Kwara da Binuwai yadda suka ga dama, da farko da kayan ciniki, daga baya da sojoji da manyan bindigogi. Daga bakin kogin aka tako da ƙafa har ƙasashenmu. Na ce musu in ana lissafa abubuwan da suka ci ƙasar nan da yaƙi, to a ajiye tukunyar jirgin nan kusa da bindiga.

Yaran suka yi mini zuru. Babban ruwan da yawancinsu suka taɓa gani shi ne dam ɗin Mairuwa, wasu ma ko shi ba su gani ba. Wata mai baki daga kujerar baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, tururi dai irin wanga na dambu?" Na ce shi fa. Ta ce, "To Malama, in dai shi ne, ai da tukunyar innarmu ta daɗe da isa Katsina." Aji ya fashe da dariya. Na yi murmushin dole, amma raina ya sosu, domin na ga ba wadda ta yarda da ni.

Ya kamata in faɗi wani abu game da littattafan da nake karantawa a wancan lokacin. Ina da tsofaffin littattafan Turawa na labaran shiga koguna, irin waɗanda ake ji da su a adabinsu, kuma ina ƙaunarsu. Rubutu ne mai daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Kusan ko wanne ka buɗe za ka tarar da jirgi yana fitar da hayaƙi, da Bature a samansa yana tunani mai zurfi, can a gaɓa kuma ga mutane baƙaƙe tsaitsaye suna kallo, ba su da suna, ba a jin abin da suke cewa. Na karanta na sake karantawa, kuma ban taɓa tambayar kaina a ina nake tsaye ba in ina karatun.

Ana haka shugabar makarantarmu, wata dattijuwa da muke kira Hajiya, ta sanar cewa za a yi ranar baje kolin ayyukan ɗalibai, iyaye za su zo, da manyan baƙi daga ofishin ilimi. Nan take dabara ta faɗo mini: in kawo ƙaramin jirgin tururi na gaske, ya yi tafiya a kan ruwa kowa ya gani. In rufe bakin yaran nan, in kuma nuna wa baƙi cewa akwai malama a nan.

Ranar Asabar na shirya sai Ketare. Na tarar da Kawu a maƙera, gefensa tulin garemani da fartanyu na jiran gyara, domin bazara ce, kowa na shirin damina. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe littafi na nuna masa hoton jirgi, na shiga zuba bayani ina haɗawa da Turanci. Ya saurare ni bai daina juya ƙarfe a wuta ba. Da na gama ya karɓi littafin da bayan hannu don kada ya ɓata shi, ya daɗe yana kallo.

"Ai tukunya ce, Malama," in ji shi. Haka yake kirana in yana son tsokanata. "Tukunya da hanci da hwanka. Wa ka hura masu wutar a ciki?"

Na ce littafin bai faɗa ba. Ya ce, "Uhm." Ya miƙo mini abina, ya ce in dawo bayan sati biyu. Na fito ina jin haushi, wai fasahar da ta girgiza duniya ita ce Kawu ya kira tukunya.

Da na koma na tarar ya gama. Ya sassaƙa jikin jirgin da itace mara nauyi, ya shimfiɗa masa langa-langa a ciki, ya kafa ɗan murhun gawayi. A kan murhun akwai babban gwangwanin madara da ya liƙe murfinsa da dalma. Daga gefen gwangwanin wani siririn bututu ya fito yana fuskantar fanka, fankar kuma tana juya wasu 'yan filafilai biyu da ke taɓa ruwa. Muka gwada a babban bahon matarsa, wadda nake kira Inna. Ruwa na tafasa sai fanka ta kama juyi, jirgi ya taka a hankali har ya dunguri bakin baho. Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa har da tsalle, na manta ni malama ce.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba. A saman gwangwanin akwai wani ɗan huji, ta nan ake ɗura ruwa, an zura masa ƙusa mai faɗin kai sakwa-sakwa. In wuta ta yi ƙarfi sai ƙusar ta riƙa tsalle tana fitar da tururi, fis, fis. Kawu ya ga ina kallon wurin ya ce, "Wanga huji ki bar shi yadda yake." Bai ƙara komai ba. Haka maƙera suke koyarwa, yi kaza, bar kaza, dalili sai hannunka ya gano da kansa bayan shekaru. Ni ma ban tambaya ba, domin na riga na yanke hukunci a raina: ya huda wurin ya yi faɗi, ya rasa abin rufewa, shi ne ya soka ƙusa. Na ce a zuciyata, aikinmu na gida ke nan, kullum sai an bar wata ɓaraka.

Ana gobe taro na sake gwadawa a tsakar gidana bayan la'asar. Jirgin ya tafi, amma tafiyar ba ta gamsar da ni ba, ina son abin da zai sa baƙi su miƙe tsaye. Na tsaya ina kallon tururin da ke tsirtowa ta hujin nan yana tafiya a banza. To ni mace ce da ta tashi a gindin murhu. Duk wadda ta taɓa turara dambu ta san in tururi na fita ta tsakanin tukunya da madambaci, dambu ba zai nuna ba, maganinsa kuwa a kwaɓa garin kuka a liƙe wurin. Tun ina 'yar shekara goma na iya wannan. Washegari da safe na ɗura ruwa, na zare ƙusar na jefar, na kwaɓa kuka da kauri na cusa a hujin, na fere ɗan itace na buga a kai da muciya, na naɗe da tsumma, na ɗaure tam da waya. Na ja da baya na dubi aikina, na ji daɗi. A ganina na gyara wa Kawu kuskurensa.

Bayan makarantar akwai famfon burtsatse, kusa da shi akwai dogon kwamin siminti da shanun gari ke shan ruwa. Shi muka wanke muka cika. Da hantsi aka taru, ɗalibai a gaba, iyaye a baya, baƙi a kan kujeru a gefe. Kawu ya ce zai zo, amma har aka kira ni bai iso ba. Na hura gawayi, na ɗora jirgi a ruwa, na fara jawabi kan Kwara da Lakwaja da yadda wuta da ruwa suka kawo mana mulkin mallaka. Ban kai ƙarshe ba fanka ta ɗauka da gudun da ban taɓa gani ba. Jirgi ya tsaga ruwa har ƙarshen kwami, aka juyo da shi ya sake tsagowa. Yara suka kaure da ihu da tafi, wani babban baƙo ya miƙe tsaye. Na nemi mai bakin nan ta kujerar baya da ido, na gan ta baki buɗe.

A zagaye na uku fankar ta fara rage gudu, ta yi tari sau biyu, ta tsaya cik. Bututun ya daina fitar da komai. Daga baya ne na gane abin da ya faru: kukar da na cusa ta zuba ciki, ta dahu, ta yi yauƙi, ta toshe siririn bututun. Tururi ya rasa ta inda zai fita, gaba a toshe, sama a toshe. Amma a lokacin abin da ya zo mini kawai shi ne wuta ta yi sanyi, kuma ana kallona. Na jawo jirgin bakin kwami, na ƙara gawayi, na sa mafici ina fifita da ƙarfi. Yara suka matso, suka sunkuyo da kawunansu a kai, wajen goma, suna jiran ya tashi. Gwangwanin ya fara wata 'yar ƙara, ƙis, ƙis, na ga gefensa kamar ya kumbura, amma ban daina fifita ba.

Sai na ji ihu daga bayana. "Ku kauce! Ku kauce nan!" Kawu ne, ya diro daga kan babur tun bai gama tsayawa ba, sanye da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Ban taɓa ganin dattijo ya yi gudu irin wannan ba. Ya watsa yaran da hannu biyu, ya ture ni na faɗi zaune, ya naɗe hannunsa da riga ya sunkuya zai kifar da jirgin cikin ruwa. Bai kai ga taɓawa ba murfin ya tashi. Ƙarar ba ta ma kai ta fashewar taya ba. Farin tururi ya turnuƙe, na ji yara na kururuwa, da ya washe sai ga Kawu a durƙushe ya rufe fuska da hannu biyu, yana maimaita innalillahi a hankali. Ba yarinya ko ɗaya da ta ƙone.

Hajiya ce ta fi kowa hankali. Ta sa aka kama shi zuwa bakin famfo, aka yi ta kwarara masa ruwa a fuska. Na hango jini na gangarowa daga idonsa na hagu, na daman kuma ya kumbura ya rufe. Ina nan zaune a ƙasa na ga ɗan itacen nan da tsummansa kusa da ni, kuka ta manne a jiki. Abin da na yi a lokacin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata: na kai hannu na ɗauke, na tura cikin jakata.

Babban baƙon nan ya ba da motarsa. Kafin mu tashi ya dube ni da tausayi ya ce, "Malama, kada ki damu, tunaninki mai kyau ne. Kuskurenki ɗaya, da kika ba maƙerin ƙauye aikin injiniya." Mutane suka gyaɗa kai. Kawu na kwance a kujerar baya, kunnuwansa lafiya lau, yana ji. Na shiga mota na bar maganar baƙon a haka, ban gyara masa ba.

A asibitin kusa suka wanke masa idanun suka ce wannan sai babban asibitin ido a birni. Muka biya aka ɗauko Inna, muka kama hanya. Tafiyar nan ban san tsawonta ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai Kawu ya ja numfashi ta haƙora. Inna na riƙe da hannunsa tana salati. Ni ina gaba, jaka a kan cinya, na danne ta da hannu biyu.

Likitan da ya duba shi ya kira mu gefe bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata. Ya ce sun ciro ɓarɓashin ƙarfe daga idon hagu, raunin ya yi zurfi, kada mu sa rai da yawa. Na dama tururi ne ya dafa shi, zai iya warkewa, zai iya kuma yin fari ya rufe. An naɗe duka biyun, sai bayan kwana biyar za a buɗe a gani. Inna ta ce, "Likita, maƙeri ne hwa. Da ido yake sanin ƙarfe ya nuna." Likita ya ce a yi ta addu'a.

Kwana biyar ɗin nan ban san na ci abinci ya zauna mini ba. Maigidana ya ce in dawo gida in huta, na ce ba inda za ni. Ni ke ba Kawu kunu a baki da cokali, ni ke riƙe masa buta. Mutumin da in ya shiga wuri sai an yi dariya ya koma shiru, in ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Ta tagar ɗakin ina ganin hadari na haɗuwa a gabas kowace yamma, ina tuna tulin garemanin da ya baro. A rana ta uku wani ɗan'uwa ya zo dubiya daga Ketare, na ji yana gaya wa Inna a baranda cewa mutane sun fara zuwa suna kwashe kayan gyaransu. Wasu na cewa ko ya warke hannunsa ya tsufa, tunda har ya ƙera abin da ya tashi da shi. Inna ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Shekara arba'in yana ƙira, ko lauje bai taɓa karyewa a hannun mai shi ba."

Na koma can ƙarshen baranda na zauna. Ɗaya daga cikin littattafan nan yana jakata tun ranar taro, na ciro don in ɗauke hankalina. Na buɗe daidai inda jirgi ke wucewa, marubucin yana kallon mutanen gaɓa yana yanke musu hukunci ba tare da ya sauko ya tambaye su komai ba. Na karanta rabin shafi na kasa ci gaba. Duk shekarun nan ashe a saman jirgin nake tsaye, kusa da Baturen, ina leƙen dangina daga can. Na ga huji a aikin Kawu, ban ce me ya sa ba, na ce bai iya ba. Da a littafi na ga hoton hujin nan da ƙusarsa, da sunan Turanci a ƙasa, wallahi da haddace shi zan yi in koya wa yara.

A rana ta huɗu bayan la'asar Inna ta fita wanke kwanuka. Na matsa kusa da gadon. Na ce, "Kawu." Ya ce, "Na'am, ɗiyata." Na ce, "Ni ce na toshe hujin. Na zare ƙusar, na liƙe da kuka, na buga itace." Kuka ya ci ƙarfina, sauran maganar da kyar ta fito, har da ɓoye itacen a jaka na faɗa masa.

Ya juyo da fuskarsa a naɗe wajen muryata. Can ya ce, "Na sani. Tun daga bisa babur na hango tsumman. Mi kike zato ya sa ni gudu?"

Na ce, "To Kawu, me ya sa ba ka faɗa ba, ana ta zagin aikinka?"

"Ina jira in ji ko ke za ki hwaɗa," in ji shi. "Kwana huɗu ina jin tahiyarki, ki zo bakin gado ki tsaya, ki koma. Ciwon ido daban, wanga daban." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Ƙusar nan ita ka gadin tukunya. In tururi ya yi yawa shi ɗaga ta shi hita, in ya ragu ta koma ta zauna. Dambu ba a liƙe mashi murhi da dalma, shi ya sa kuka ba ta kashe kowa. Ni ma ina da nawa laihin, da na ce ki bari ban ce maki don mi ba. Haka aka koya mamu, ni kau ban taɓa koya ma mai littahi ba."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma akwai sauran magana, sai an buɗe ido.

Safiyar rana ta biyar likita ya zo da ma'aikaciyar jinya. Aka rage hasken ɗakin, aka fara warware bandeji. Ni dai ina jingine da bango. Inna ta rufe fuska da mayafi tana leƙe ta gefe. Aka fara da na hagu. Likita ya haska fitila, ya ce, "Baba, kana ganin haske?" Kawu ya ce, "Babu." Aka sake haskawa ta wani gefen. "Babu." Aka koma na dama, aka goge, aka ce ya buɗe a hankali. Fatar idon ta yi ta rawa, hawaye na zuba. Likita ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Shiru. Wallahi shirun nan ya fi kwana biyar ɗin tsawo. Sai Kawu ya ce, "Ukku." Ya juya kai a hankali har ya same ni a jikin bango, ya ce, "Kai, Malama, wa ya hana ki tuwo?" Inna ta faɗi ta yi sujada a kan siminti.

Ido ɗaya ya tsira, ɗaya ya tafi, kuma bai dawo ba har Kawu ya bar duniya.

Sauran maganar da ya ce akwai, ashe ba shi zai yi ta ba, ni ce. Ranar da ya koma maƙera, bayan an yi ruwan shuka, na je Ketare. Maza sun cika rumfar, wasu barka suka zo yi, wasu kallo. Mace ba ta saba tsayawa a nan ta yi jawabi ba, amma na tsaya daga bakin rumfa, na yi sallama, na ce ni 'yar gidan nan ce, jikar maƙera. Na faɗi abin da na yi tun daga zare ƙusa har ɓoye itace, na ce aikin Kawu ba shi da aibi, ni ce na lalata shi, kuma idonsa ya bayar don kada 'ya'yan mutane su rasa nasu. Wani tsoho ya ce, "Ashsha." Wani kuma ya tashi ya fita, jim kaɗan sai ga shi ya dawo da garmarsa ya ajiye.

Kawu bai ɗago ba. Ya ciro jan ƙarfe daga wuta da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya ɗaga guduma ya sauke. Ta sauka a gefe, ta daki uwar maƙera ƙau, ƙarfen ko motsi bai yi ba. Mai ido ɗaya ba ya gane nisa da kusa yadda ya saba. Rumfar ta yi tsit, domin ba wanda ya taɓa ganin gudumar Kawu ta kuskure. Ya karkata kai, ya gyara zama, ya sake ɗagawa. Ta biyu ma ta goge gefe. A ta uku ya samu. Ya ci gaba da ƙira shekaru bayan haka, amma kullum da kai a karkace, kuma bai sake saurin da ba.

Abin da ranar nan ta koya mini ba a kwaleji na same shi ba. Raini ba sai da zagi ba, ya isa ka ga abin da ba ka fahimta ba a aikin wani ka ɗauka shi ne bai sani ba. Har yau ina koyar da zuwan jirgin tururi, ina kuma karanta wa yara tsofaffin littattafan nan, sai dai ina tsayar da su mu tambayi abin da mutanen gaɓa suka sani wanda marubucin bai tsaya ya ji ba. Ni kuma duk inda na ga wani abu ya yi mini kama da kuskure a aikin mai sana'a, ko ɗinki ne, ko gini, ko ɗaurin kaya a kan jaki, nakan riƙe hannuna in ce, "Don Allah, me ya sa aka yi shi haka?" Tambayar ba ta cin minti ɗaya. Rashin yin ta ya ci idon kawuna.